Minti Uku na Baba

A shekarata ta uku a Greensboro aka ba ni aji. Ba nawa ba ne na kaina, na wani farfesa ne da nake yi wa mataimakiya, amma duk ranar Juma'a sai a ware mini ɗalibai ashirin da wani abu, 'yan shekarar farko, mu bi darasin makon tare: yadda gwamnatin Amurka take, daga ina ikonta ya fito, wa ke riƙe da me. Ni 'yar Wusasa, wadda ko ƙuri'a ba ta da ita a ƙasar, ni ce ke tsayawa gaban 'ya'yan masu ƙasa ina gaya musu cewa gwamnatinsu ƙafa uku gare ta, masu yin doka da masu zartarwa da masu shari'a, kuma da gangan aka yi ta haka don kowace ta riƙa taka wa 'yar'uwarta burki. Ina jin daɗin aikin nan, ba zan ɓoye ba, kuma kaina ya ɗan kumbura. Idan yaro ya kasa bambanta aikin gwamna da na magajin gari, sai in dube shi ta saman tabarau in ce a raina, kai dai an haife ka a nan a banza.

Cocinmu wani shago ne da muke haya a Gate City Boulevard, tsakanin mai gyaran taya da kantin 'yan Vietnam. Mu kusan sittin ne, daga Kaduna da Filato da Bauchi da Gombe, yare barkatai, Hausa ce ta haɗa mu. A can ba wanda ke kirana da sunana, Malama ake ce mini. Duk wanda takarda mai tambarin gwamnati ta zo masa, ni yake kawo wa bayan sujada, ni kuma in karɓa ina yatsina kamar an takura mini, alhali daɗi nake ji.

Dattijon ikilisiyar shi muke kira Baba, matarsa kuma Mama. Tsohon hedimasta ne daga kudancin Bauchi, dogo, mai Turanci irin na da, wanda ake furta kowane harafi. 'Yarsu, nas, ita ta kawo su ƙasar, daga baya mijinta ya sami aiki a Texas suka tattara suka koma. Ta yi ta yi iyayen su bi ta, Baba ya ƙi. Ya ce shekara hamsin yana buɗe ƙofar gidansa da hannunsa, ba zai je ya ƙare rayuwarsa a ɗakin baƙi na gidan suruki ba, ana jin tarinsa ta bango. Da ta gaji sai ta kafa musu sharaɗi: muddin suna iya kai kansu asibiti da kasuwa da coci, su zauna, amma ranar da suka kasa, ba za ta sake neman shawararsu ba, zuwa kawai za ta yi ta kwashe su.

Suna kuwa iyawa, saboda bas. Idanun Baba sun yi rauni, ba ya tuƙi, Mama kuma ba ta taɓa koya ba. Amma a bakin rukunin gidajen da suke haya akwai tashar bas, wadda ba wani abu ba ce illa sandar ƙarfe da benci ɗaya. Da ita Baba ke zuwa ganin likitan ido, da ita Mama ke zuwa unguwar Sedgefield sau uku a mako, inda take kula da wata tsohuwar Baturiya, da ita suke zuwa coci duk Lahadin da ba a sami mai ɗaukarsu ba.

Wata Lahadi Baba ya kawo mini hoton wata takarda da aka manna a jikin sandar, wani maƙwabci ya ɗaukar masa a waya. Na karanta. Hukumar da ke kula da motocin bas na gari tana son miƙe hanyar, a cire wasu tashoshi don bas ya riƙa sauri, kuma tasu tana cikin waɗanda za a cire. Tasha ta gaba, na duba a taswira, tafiyar kusan minti ashirin da biyar ce ga mai ƙarfi, kuma sai an tsallaka babban titi mai layi shida. Baba ba zai iya ba, kowa a cocin ya san haka, kowa kuma ya san abin da zai biyo baya.

Kafin in ce uffan, dattawa sun zauna sun gama shawara. Za a rubuta wa gwamna. Wani ya ce a haɗa da shugaban ƙasa, tunda takarda ba ta da nauyi. Wani direban babbar mota ya ce ya san gidan wani kansila a Irving Park, ya taɓa kai kaya unguwar, a je a yi masa gaisuwa ranar Asabar, a riƙe masa hula mai kyau da kwandon 'ya'yan itace. Zumuntar mata har sun fara maganar wa zai soya cincin.

Nan fa na samu fili. Na miƙe na ce musu don Allah su rufa mana asiri, wanda ya kai wa jami'i kyauta gida yana neman alfarma a ƙasar nan, kansa da jami'in duka yake jefawa cikin matsala. Na ce gwamna ba ruwansa da bas, shugaban ƙasa ma ko labarin ba zai ji ba. Na shiga rarraba musu kamar ina aji: katin izinin zaman Baba a ƙasar na gwamnatin tarayya ne, babban titin na jiha ne, makarantar jikoki ta gunduma ce, bas kuwa na gari ne, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke ƙarƙashin ɗaya yadda suke zato. Baba ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni, to a cikin duk waɗannan wane ne mai garin. Na ce babu shi. Ya girgiza kai ya ce lallai mutanen nan sun wahalar da kansu.

Sai na gaya musu abin da ke akwai. A ƙasan takardar an rubuta ranar zaman jin ra'ayin jama'a. Kowa na iya zuwa, a ba shi minti uku ya faɗi abin da ke ransa a gaban 'yan hukumar, kafin su yanke shawara. Baba ya ce ai shi ba ɗan ƙasa ba ne tukuna, ba ya zaɓe. Na ce zaɓe daban, kai kuka daban. Ƙuri'a ta 'yan ƙasa ce, amma haƙƙin tsayawa gaban gwamnati ka ce abu kaza ya dame ni, wannan na duk wanda ke zaune a ƙasar ne, kuma yana cikin abubuwan farko da aka rubuta a tsarin mulkinsu. Na faɗi haka da ƙarfi, ina kallon fuskokinsu, har wata Anti ta ce Allah ya yi wa karatu albarka.

Ni na rubuta wa Baba jawabin. Na zauna na tsara shi kamar yadda nake koya wa ɗalibai: sunanka, unguwarka, abin da kake so, dalili uku, godiya. Na sa maganar idonsa, na sa titi mai layi shida, na sa tsofaffi da masu keken guragu da ke rukunin gidajen. Sau uku ina zuwa gidansu muna gwaji, na ajiye waya a kan tebur tana ƙirga mana lokaci, Mama na kicin tana jin mu. Da farko yana kaiwa minti huɗu, saboda Baba ba ya gaggawar magana, sai na yi ta yanka har ya dawo biyu da rabi.

A gwaji na ƙarshe ya ajiye takardar ya cire tabarau. Ya ce jawabin ya yi kyau, sai dai abu ɗaya: ba gaisuwa. Ta yaya mutum zai faɗo wa manya da buƙata kamar ya zo karɓar ajiya? Na ce Baba, nan ba a gaisuwa, "barka da yamma" ta isa, lokaci ake dubawa. Ya ce to. Na girma a gidan dattawa, na san irin wannan "to" ɗin, amma na yi kamar ban gane ba, don ina sauri in koma makaranta.

Ranar zaman, ƙarfe biyar da rabi na yamma, mu ashirin da uku muka je. Wasu sun bar aiki da wuri, wasu sun yi musayar lokacin aiki da abokansu. Mata sun sha atamfa da ɗauri, maza sun sa kaftani, Baba ya sa babbar riga fara da ya ce tun bikin 'yarsa bai sake sawa ba. Da muka shiga ginin, masu gadi sai da suka bi mu da kallo. Na ji alfahari, Allah ya sani. Na ce a raina, yau za su san akwai mutane a unguwar nan.

A bakin ƙofar zauren akwai wata mata zaune da takarda a kan tebur, tana rubuta sunayen masu son magana. Ni na je, tunda ni ce Malama. Ta dubi jerin mutanen da ke bayana ta yi murmushi, ta jawo ƙarin takarda, ta tambaye ni mu nawa za mu yi magana. Na ce ɗaya. Ta ɗaga kai.

"Ɗaya kawai? Kowannenku yana da minti ukunsa, kin sani ko?"

Na ce mata na sani, amma ga shugabanmu nan, shi zai yi magana a madadinmu duka. Ta ce to shi ke nan, ta mayar da takardar da ta jawo.

A lokacin, da an tambaye ni dalili, da na ce al'ada ce. Haka muke yi. Idan jama'a suka je gaban hukuma, babba ke magana, sauran su tsaya a bayansa, tsayuwarsu ita ce maganarsu. Wa zai buɗe baki bayan Baba ya rufe nasa, ya ƙara masa me? Wannan gaskiya ne, amma ba ita kaɗai ba ce. Ni bizar ɗalibi ke gare ni, kuma tsakaninmu ɗalibai baƙi kullum ana raɗe-raɗin kada ka sa sunanka a komai, kada a gan ka a ko'ina, ka yi karatunka ka kama bakinka. Na san doka ba ta hana ni ba, ni ce ma nake koyar da hakan. Amma da na ga takardar nan da layin suna da layin adireshi, sai gabana ya faɗi. Idan na ce kowa ya rubuta, dole ni ce ta farko. Sai na ɓuya a bayan babbar rigar Baba, na kira abin girmamawa.

'Yan hukumar su bakwai ne, suna zaune a bayan wani dogon tebur, wata mata mai furfura ce ke jagorantar zaman. A gabansu akwai wurin tsayawar mai magana, da makirufo, da wata 'yar fitila: kore idan ka fara, ruwan ɗorawa idan saura rabin minti, ja idan lokaci ya cika. Aka fara kiran sunaye. Masu son a miƙe hanyar su ma sun zo, yawancinsu matasa, ɗalibai da ma'aikata da bas ke sa su makara. Su tara ne, kuma su taran duka suka rubuta suna. Wani ya zo da gajeren wando, hannu a aljihu, ya yi magana ta minti ɗaya ya zauna. Wata ta maimaita kusan abin da ya faɗa, ta ƙara da cewa sau biyu ana yi mata gargaɗi a wurin aiki saboda latti. Haka suka yi ta fitowa suna nanata abu ɗaya. Na taɓe baki, na raɗa wa ta kusa da ni cewa ji rashin tsari, ba su da babba ne?

Aka kira Baba. Ya tashi a hankali, ya gyara riga, fasto ya riƙe masa hannu har wurin. Ya fito da takardata daga aljihu ya shimfiɗa, fitila ta yi kore. Bai dubi takardar ba.

Ya gaishe da shugabar zaman, ya yi mata fatan ta wuni lafiya, ita da iyalinta. Ya juya ga na damanta ya gaishe shi, ya karanta sunansa daga allon da ke gabansa, da ƙyar, yana matso da fuska. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, su bakwai. Ya yi musu sannu da aiki, ya ce ya san ɗaukar nauyin jama'a ba abu ne mai sauƙi ba, shi ma ya riƙe makaranta shekara ashirin da shida. Ya gode wa garin da ya karɓi baƙi irinmu ya ba mu wurin zama lafiya. Ya gode wa direbobin bas, ya ce akwai wata a cikinsu da ke jira har sai ya zauna kafin ta ja mota, Allah ya saka mata. Ya juya ya gaishe da matasan nan da suka yi magana kafin shi, ya ce ya ji kukansu.

Ni kuwa ina zaune kamar a kan garwashi. Ina kallon fitilar nan, ina ce masa a zuci, Baba takarda, Baba takarda. Wasu daga cikin 'yan hukumar suna murmushi, kuma ba murmushin raini ba ne, na ga alama abin ya taɓa su. Fitila ta koma ruwan ɗorawa. Ban sani ba ko ya gan ta, da irin idonsa. Sai a lokacin ya sunkuya ya ce yanzu zai zo ga abin da ya kawo mu. Ya faɗi sunansa, ya faɗi unguwarsa, ya ce ya zo ne game da tashar da ke bakin gidansu, sai fitila ta koma ja, ƙararrawar cikar lokaci ta yi ƙara.

Shugabar ta ce masa a hankali lokaci ya cika, amma yana iya ƙarasa jimlarsa. Baba hedimasta ne. Mutumin da ya yi shekaru yana hukunta yara saboda ƙararrawa ba zai tsallake ta ba. Ya ce, "Muna roƙo a bar mana ita." Ya naɗe takardar, ya rusuna, ya dawo ya zauna.

Sai shugabar ta duba jerin sunaye ta ce sun ƙare. Ta ɗago ta dubi inda muke zaune, mu ashirin da biyu cikin kayan ado, ta tambaya ko akwai wanda bai rubuta suna ba amma yana son magana, ƙofa a buɗe take. Ta jira. Na ji idanun mutanenmu a kaina, don sun saba ni ke sanin abin yi. Kwafin jawabin yana cikin jakata, na haddace shi ma. Na dubi ƙasa. Ta sake tambaya, ba wanda ya motsa, ta rufe wannan sashen aka shiga wata magana.

A wurin ajiye motoci na fashe. Ban yi ihu ba, amma abin da na faɗa ya fi ihu muni. A gaban kowa na ce wa Baba sau uku ina zuwa gidansa, na bar karatuna, na gaya masa ba a gaisuwa, ga shi ya je ya kashe lokacin a kan tambayar lafiyar iyalan mutanen da ko sunansa ba za su tuna ba. Fasto ya ce Malama ya isa. Baba ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, ya ce, "Na ji, Malama. Ki yi haƙuri." Tsoho sa'an kakana yana ba ni haƙuri. Har yau idan na tuna, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Makonni na yi ina riƙe da fushina, ina ba kowa labarin yadda Baba ya ɓata mana tafiya. Har na mayar da shi abin dariya a wurin abokan karatuna, ina kwaikwayon muryarsa.

Da aka yanke shawara, an cire tashar tare da kusan duk sauran. Na shiga shafin hukumar a intanet na nemo rahoton zaman, ina so in ga yadda aka rubuta abin da ya faru. Rahoton gajere ne. An jera masu magana: tara sun goyi bayan canjin, mutum ɗaya ya roƙi a bar tasha kaza. Ba a rubuta atamfa ba, ba a rubuta waɗanda suka bar aiki ba, ba a rubuta mutum ashirin da biyu da suka zauna shiru ba. Kuma ban ga laifin mai rubutun ba, don ba mu ba ta abin rubutawa ba. Na daɗe ina kallon kalmar "ɗaya" ɗin nan. Ni na faɗe ta a bakin ƙofa, da bakina.

Da mun rubuta suna duka, da muna da fiye da awa guda. Baba ya yi gaisuwarsa son ransa, a madadinmu, yadda ya dace da shi, na biyu ya tashi ya yi maganar titi, na uku ya yi ta masu keken guragu, har mu ƙare. Matasan nan da na raina sun fahimci abin da ni na karanta a littafi ban gane ba. A gida, mun saba a auna jama'a da girman wanda ya tsaya musu. A zauren nan kuwa ba a auna kowa, ƙirgawa ake yi, kuma wanda bai buɗe baki ba bai zo ba. Ban ce tsarinsu ya fi namu komai ba. Akwai abin da ke damuna a wurin da minti ukun dattijo daidai yake da na yaro mai gajeren wando, inda ladabi ke cinye maka lokaci. Amma na san dokar wurin kafin mu shiga, ni kaɗai ce na san ta, kuma na yi shiru.

Ba zan iya rantsuwa cewa da mun yi magana da an bar tashar ba. Wataƙila lissafinsu ya riga ya gama, kuma matasan ma da gaskiyarsu, latti na iya raba mutum da aikinsa. Na sha gaya wa kaina haka. Sai dai a zaman da aka yanke hukunci an bar tasha ɗaya daga cikin waɗanda aka yi niyyar cirewa, a wata unguwa, wadda mutanenta suka fito da yawa suka yi magana.

Cocin ya yi ƙoƙari. Aka tsara masu kai Baba da Mama asibiti da kasuwa, aka yi wata biyu ana yi, amma kowa da aikinsa, yau wannan ya makara, gobe wancan ya manta. Akwai motar da ake aiko wa marasa lafiya har gida, na cike wa Baba fom ɗinta, amma ba ta shafi Mama da aikinta ba. Mama ta bar zuwa Sedgefield. Ranar da Baba ya gaji da jira ya gwada tsallaka titin da kansa, wani mai mota ya taka burki a gabansa har taya ta yi ƙara, maƙwabta suka kira 'yarsu. Ta yi abin da ta ce za ta yi.

Na je ranar haɗa kaya, da rana, bayan na tashi daga aji. Baba yana falo a kan kujera ɗaya da ta rage, kwalaye kewaye da shi. Na durƙusa na gaishe shi, na gaishe shi sosai, sannan na gaya masa komai, da matar bakin ƙofa, da takardar da ta jawo ta mayar, da tsorona. Na ce laifin da na ɗora masa nawa ne. Ya ce ba komai, baƙo ba ya rasa tsoro, shi ma da ya ga fitilar da wuri da ya taƙaita. Ya sa mini albarka. Da ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Na shiga kicin in taya Mama. Tana naɗe faranti a cikin tsofaffin jaridu tana jerawa a kwali. Ashe duk ta ji mu. Ba ta dube ni ba ta ce, "Wato har ni ma da zan iya tashi in yi magana?"

Na ce e, Mama.

"Da Hausa?"

Na ce da Hausa, ni sai in fassara, har ƙarin lokaci akan ba mai tafinta a wasu wuraren.

Ta ɗauki wani faranti ta riƙe. Sau uku na zauna a gidan nan ina tsara jawabi a kan bas ɗin da ta fi kowa shiga, tana kawo mini shayi, ban taɓa tambayarta ko tana da abin faɗa ba.

Ta ce, "Da na gaya musu tsohuwar da nake kula da ita ba ta cin abinci a hannun kowa sai nawa. Ta manta 'ya'yanta, amma ta san takuna. Da na ce musu ba mu kaɗai ke hawa bas ɗin nan ba, har da ita, ko da ba ta taɓa shigarsa ba. Jiya 'yarta ta kira ni, wai an kai ta gidan tsofaffi, tana ta tambaya ina matar nan." Ta naɗe farantin ta sa a kwali. "Shi ke nan abin da zan ce musu. Ba shi da yawa."

Ta miƙo mini jarida ta ce in riƙa ninka biyu, tafiyar da nisa.